Zaure Daban, Cikin Gida Daban

Kano, daren Lahadi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu yana tafiya, sanyin Tibilisi, babban birnin Jojiya, kuma bai takura maka ba. Nan kowa lafiya. Ranar Juma'a na biya ta gidanku na gaida Hajiya, ta ce in gaya maka ƙafar ta yi sauƙi, ka kwantar da hankalinka.

Maganar da ka yi mini ce ta hana ni sakat. Ka ce wani abokin karatunka yana ba ku ƙwarin gwiwa, wai Jojiya ƙawar ƙungiyar tsaro ta NATO ce, saboda haka babu abin da zai same ta. Na so in amsa maka a waya, sai na ga zancen ya fi ƙarfin saƙon murya.

Ka san tsarin gidajenmu. Baƙo komai darajarsa a zaure ake sauke shi. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa fura, maigida ya fito su yi hira har dare. Amma in aka rufe ƙofar cikin gida, shi yana waje. To haka ƙawancen nan yake. Ƙasashe 12 ne suka kafa NATO a 1949, yau sun kai 32, kuma abin da ya ɗaure su shi ne Sashe na 5 na yarjejeniyarsu: wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Wannan alkawari na 'yan gida ne kawai. A 1994 suka buɗe wani shiri na ƙawance don zaman lafiya, Jojiya da Yukiren da Finlan da Suwidin suka shiga, har ita Rasha ta shiga. Ana atisaye tare, ana horar da hafsoshi, ana zama teburi ɗaya. Sashe na 5 kuwa bai shafe su ba.

Ƙasar da kake zaune ta fi kowa ɗanɗana wannan. A watan Afrilun 2008 shugabannin NATO suka taru a Bukarest. Shugaba Bush na Amurka ya so a ɗora Jojiya da Yukiren a kan hanyar shiga, Jamus da Faransa suka ƙi. Sai aka raba gardama da wata magana mai haɗari: an rubuta cewa ƙasashen biyu za su zama mambobi, amma ba a sa rana ba. A ganina nan aka yi kuskuren. An faɗa wa Rasha inda aka dosa, an kuma bar mata lokaci. Ko a neman aure, da zarar an ce an ba ka amma ba a sa rana ba, ai ka san masu hana ruwa gudu sun sami fili.

Wata huɗu kacal aka yi, yaƙi ya ɓarke a Agusta. Kwana biyar ya ɗauka. Sojojin Rasha suka shiga har Gori, garin da ba shi da nisa da inda kake kwana. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, a lokacin Jojiya tana da sojoji kusan 2,000 a Iraƙi suna taya Amurka aiki. Gida ya kama da wuta suna can. Amurka ta kwaso su a jirage ta sauke su a ƙasarsu, iyakar abin da ta yi a fagen daga ke nan. Bayan yaƙin Rasha ta amince da Abkaziya da Osetiya ta Kudu a matsayin ƙasashe, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar ya fita daga hannun gwamnati, har yau. Duk da haka Jojiya ta ci gaba da tura 'ya'yanta Afganistan, ta zama cikin ƙawayen da suka fi ba da sojoji, wasu kuma a akwati aka dawo da su. In ka sami dattijo a unguwarku da ya yarda da kai, tambaye shi labarin wancan Agusta, ka ji daga bakin wanda ya gani.

Kada ka ɗauka ina wanke Rasha. Wanda ya keta iyakar maƙwabcinsa da tankoki shi ne mai laifi, a Kirimiya ta Yukiren a 2014 da kuma ranar 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukiren gaba ɗaya. Kuma ba na cewa ƙawancen banza ne. Horon da sojojin Yukiren suka samu bayan 2014 ya taimake su, makaman da aka ba su ma haka. Sai dai jinin nasu ne kaɗai ke zuba. Finlan, mai iyakar sama da kilomita 1,300 da Rasha, ta yi kusan shekara talatin a zaure cikin natsuwa. Da ta ga gemun ɗan'uwanta ya kama da wuta, ba ta tsaya ba, ta shige cikin gida a Afrilun 2023, Suwidin ta biyo ta a Maris na 2024. Su da suka fi mu sanin ƙawancen sun auna shi, sun ga bai isa ba.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta iso har ƙofar gidanmu. A Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 don kare fararen hula a Libiya, Najeriya ma tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. NATO ta karɓi aikin, ƙawayenta irin su Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Jodan suka shiga da jiragensu. Shigarsu ta sa ba a iya cewa yaƙin Turawa ne zalla, kuma amfanin ƙawa ke nan ga babbar ƙungiya: tana ba ta fuska. A Oktoba aka kashe Gaddafi a Sirte, jirage suka koma gida, rumbunan makamai suka zauna a buɗe. Ka tuna maƙwabcinmu magini da ya yi shekaru a garin Sabha na Libiya? Na ga ranar da ya dawo ta Agadas, ƙura har cikin gashin ido, da katifa ɗaya a naɗe da jarka, kuɗin aikinsa duk sun salwanta. Shi da katifa ya dawo, wasu da bindigogi suka ƙetaro Sahara. Shekara ba ta zagayo ba arewacin Mali ya faɗi a 2012. Wutar da ta ci gaba da ci daga nan kai ma ka san inda ta kai. Mu ba mambobi ba ne, ba ƙawaye ba ne, amma muna cikin masu biya. Ko yaƙin Yukiren ma, mai shayin bakin layinmu ya ji shi a farashin burodi, manomanmu kuma a buhun taki.

Ba don in tsorata ka na rubuto ba. Ka yi karatunka, ka girmama mutanen da suka karɓe ka, kada ka sa baki a rikicin siyasarsu, musamman in ana zanga-zanga a bakin majalisa. Amma ka tuna ɗalibanmu da suka maƙale a garin Sumi na Yukiren da waɗanda suka kwana cikin sanyi a iyakar Folan a 2022. Ka ajiye fasfonka da takardun makaranta a jaka ɗaya kusa da kai, ka ware ɗan kuɗin mota wanda ba za ka taɓa ba, ka kuma riƙa sanin inda 'yan'uwanka ɗalibai suke.

Ka rubuto mini abin da abokin naka ya ce in ka karanta masa wannan, ina son jin ta bakinsa, don ƙasarsa ce. Yara suna gaishe ka, ƙaramin kullum sai ya tambayi yaushe Kawu likita zai dawo. Allah ya tsare, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Naka,
Amininka