Zuwa ga Abokan Cinikinmu: Dalilin Jinkirin Hotunan Taswira

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun san da yawanku kun gaji da jiran otofoton da kuka ba mu aikinsa, wato hoton ƙasa daga sama da aka miƙar don a yi awo a kansa. Har ya iso kunnenmu cewa wai aikin ya fi ƙarfinmu. Maganar ta yi mana zafi, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu.

Matsalar daga kamfanin da ke ɗauko mana hotuna da jirgi mara matuƙi take. Mun yi da su kowane hoto ya hau kan na gabansa da kashi 80 cikin ɗari, na gefensa da kashi 70. A wasu layukan da jirgin ya bi, hawan ko kashi 50 bai cika ba. To da wannan hawan ne manhaja ke gane wuri ɗaya a hotuna da yawa, ta fitar da tudu da kwarin ƙasa, sannan ta miƙar da hoton ya zama abin da za a yi awo a kansa kamar taswira. Idan hawan ya yi kaɗan, tsayin ƙasa na iya kuskurewa, idan kuwa ya kuskure, komai ya gusa. Jirgi yana mita 120 a sama, wuri yana mita 40 a gefe daga inda kyamara ta saita a ƙasa, kuskuren mita 3 a tsayi zai gusar da wurin mita 1. A hoton da kowane ɗigonsa santimita 5 ne a ƙasa, ɗigo 20 ke nan. Kuma hoton zai fito tsaf, ido ba ya kamawa, sai ranar da kuka ɗora layin iyaka ko na bututun ruwa a manhajar taswira ta QGIS ku tarar katanga ta shiga filin maƙwabci.

Alamomin da muka shimfiɗa a ƙasa muka auna da GPS, musamman waɗanda muka ware don gwaji kawai, su suka tona asirin. Wani zai iya miƙa muku fayil ɗin ya karɓi kuɗinsa. Ba haka kuka san mu ba.

Muna kan magana da kamfanin jirgin, muna kuma duba wasu hanyoyin. In sha Allah za ku ji daga gare mu.

Ga ofisoshin safiyo da injiniyoyin hanya da suka riƙe mu tun muna da kwamfuta ɗaya, da masu gonaki da ke dawowa duk shekara, mun gode ƙwarai. Don Allah kafin ku kai aikinku wani wuri, ku kira mu tukuna.

Naku,
Shugabannin kamfani