Zancen kuɗin abokina

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya kai da iyali. Nan Tawa lafiya lau, sai hazo da ya fara. Saƙon da ka aiko ta Nita ya iso, Allah ya yi albarka.

Zancen abokina ne, wato ɗanka, ya sa na ɗauki alƙalami. Da kuka zo hutu, ran Lahadi na ba shi jaka guda muka shiga kasuwa. Kafin la'asar ko dala babu. Na ce ina kuɗi? Ya dinga ƙirgawa da yatsu: Solani, fanke, da wata ƙwallon roba da ta fashe tun ba mu kai gida ba. Dala sittin kuwa ya rasa inda suka bi. Ban yi masa faɗa ba. Ni ma na yi shekaru ina kai albasar Galmi Abijan, in dawo ban san ko riba na ci ko uwar kuɗi ba, sai da na fara rubutawa.

Yaro ɗan shekara 11, yana CM2, ya isa riƙe lissafin kansa. Ka daina ba shi dala ashirin kowace safiya. Ran Litinin ka danƙa masa dala ɗari, na sati ke nan, ka haɗa masa da ƙaramin kaye da bik. Bayan isha ya zauna ya rubuta abin da ya saya da abin da ya rage. Har ninki zai koya a ciki, tunda baki na cewa dala goma, hannu kuma 50 zai rubuta.

Ran Juma'a ku duba tare. Ko alewa ce ta cinye rabin kuɗin, kada ka ɗaure fuska, in ba haka ba gobe "bik" zai rubuta maka a wurin alewa. In kuma sun ƙare tun Laraba, to ya jira Litinin, ai tukunyar gida ba ta gaza shi ba. Nan ne aikin yake, don na san mai ɗakinka da tausayi, za ta miƙa masa a ɓoye. Ku daidaita da ita tukuna.

In za ku zo Sallah ya taho da kayen. Abin da ya tara zan ninka masa, amma sai na ga rubutu. Tsohuwarka na gaishe ku.

Mahaifinka