Ƙananan bindigogin aljihu a Amurka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan bindigogin da Amurkawa ke ɓoyewa a aljihu. Bindigar Ruger LCP da ta fito a 2008 tafin hannu kusan ya rufe ta. SIG Sauer P365 ta 2018 kuwa, duk da ƙanƙantarta, harsashi 10 take ci, shi ya sa kasuwarta ta buɗe. A nan Texas, tun Satumban 2021 mai shekara 21 yana iya yawo da bindiga babu lasisi, babu horo. Abin na damuna ƙwarai. Ƙaramar bindiga tana da wuyar saiti, tana fizgar hannu, ga wasu suna jefa ta aljihu ɗaya da makullin mota, babu kuben da ya rufe kunamar. Don Allah 'yan'uwa, wanda ya saya ya je horo, ya kulle ta inda yara ba sa kaiwa.

Naka,
Wani mai karatu, Houston