Baba Ya Ce a Ƙara Masa Labarin Aku

Aboabo, Kumasi
Daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, da kuma fatan sanyin Jamus bai mantar da kai zafin kasuwar Kejetia ba, ina neman afuwa a kan shirun da na yi maka. Yau wata bakwai ke nan da ka turo mini littattafan sauraron nan, kuma tun daga lokacin babu saƙonka da ba ya ƙarewa da tambayar ko na saurara da abin da na gani a cikinsu. Na ƙi amsa maka a guntun saƙon waya ne domin maganar ta fi ƙarfin layi biyu, sai ga shi wani abu ya faru a gidanmu wanda ya tilasta mini zama in rubuta.

Bari in fara sauke bashinka. Na saurari The Lord of the Rings daga farko har ƙarshe, sama da awa 60, mafi yawansa a cikin motar trotro tsakanin gida da makaranta. Ka tuna lokacin da muka haɗa kuɗi muka sayi kundayen nan uku a wurin masu tsofaffin littattafai a Adum, na ce maka marubucin ya cika surutu, kuma duk inda na ga waƙa ko bayanin dutse da kogi sai in tsallake in nemi wurin yaƙi. To, kunne ba ya tsallake kamar ido. Da mai karatun, Andy Serkis, ya rera waƙoƙin da na shekara ashirin ina gujewa, sai na gane cewa aikin da 'yar waƙar tsakiyar tatsuniya take yi a wurinmu shi suke yi, suna ba mai sauraro damar numfasawa, suna kuma nuna masa cewa mutanen nan suna da kakanni da abin tunawa. Marubucin, Tolkien, masanin tsofaffin harsuna ne, kuma ko da yake a takarda littafin ya fito a 1954 da 1955, na yi imani da kunnensa ya rubuta shi.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ƙarshen tafiyar. Bayan duk wahalar da Frodo, wanda aka ɗora wa kai mugun zobe a halaka shi, ya sha, da ya isa bakin wutar sai ya kasa jefa zoben, ya ce nasa ne. Abin da ya ceci duniyarsu shi ne tausayin da aka taɓa yi wa Gollum, wanda a ƙarshe ya faɗa wutar da zoben, aka bar shi da ransa, a lokacin da kashe shi ya fi sauƙi. Na sauka daga mota ranar nan jikina a sanyaye, domin ban taɓa zaton littafin almara zai faɗi gaskiya game da raunin ɗan Adam haka ƙarara ba.

Ɗayan kuwa, na marubucin Amurkan nan da kake ji da shi, a awa ta goma sha biyu na ajiye shi, kuma ba ni da niyyar komawa. Ban raina ƙoƙarinsa ba, amma ya mai da sihiri darasin lissafi, kowane abin al'ajabi da ƙa'idarsa da ma'auninsa, har ya zama mai sauraro ba ya jin tsoro, sai dai ya jira ya ga ko lissafin zai fita daidai. Na san dalilin da ya sa ya burge ka. Kai ne fa tun muna yara ba ka barin kakarka ta kai ƙarshen tatsuniya sai ka tambaye ta yadda aka yi Gizo ya iya jan giwa da igiya, har takan ce a fitar mata da kai waje. A wurina, aljani yana da kwarjini ne muddin ba a san iyakarsa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Idon Baba ya ƙara tsananta, yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagu kuma sai inuwa-inuwa, ana jiran ranar aiki. Ka san shi da takardunsa na ajami, mutumin da ya haddace waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi tun yana saurayi, yau ga shi ya wuni a tabarma ba ya iya duba ko layi ɗaya. Ka kuma san ra'ayinsa a kan irin littattafanmu, shi da ya ƙona mana wancan mai hoton dodo a bango, ya ce ƙaryar Nasara ce da koyar da tsafi. Wata rana bayan sallar Isha'i wuta ta ɗauke, shiru ya yi yawa a ɗakin, sai na yi ƙarfin hali na nemo masa Magana Jari Ce a YouTube. Bai yi minti biyar yana saurare ba ya ce in kashe, wai wannan mai karatun ba Bahaushe ba ne, ba ma mutum ba ne.

Gaskiyarsa kuwa, muryar na'ura ce. Ba ta bambanta garin da ake zama da garin da ake tuwo ba, kukan yaro da kukar miya duk sauti ɗaya take ba su, kuma da yake an buga rubutun babu lanƙwasa, sai ta riƙa kiran ƙafa da kafa. Akwai masu karatu na gaske a can, maza da mata, waɗanda na ji daɗin muryarsu ƙwarai, amma na'urar tana neman cinye su da yawa, kuma abin yana damuna, domin yaron da ya tashi a Zango yana jin wannan zai ɗauka haka Hausar littafi take.

Sai na tashi na ɗauko nawa kwafin, wanda kawu ya kawo mini daga Kano lokacin yana kai goro, na kunna fitilar waya na fara karanta masa da bakina. Na karanta yadda aku yake tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari dare bayan dare domin kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. Baba bai ce uffan ba har na rufe littafin. Washegari da na dawo daga makaranta, ko takalmi ban cire ba, sai na ji muryarsa daga ɗaki yana cewa, "Malam, ina akun nan naka ya tsaya?" Wallahi aminina, sai da na koma zaure na share hawaye kafin na shiga.

Mun gama kundi na farko, mun gama Ruwan Bagaja, inda ya yi dariyar Malam Zurƙe har tari ya sarƙe shi, yanzu muna tsakiyar Ganɗoki. A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Da na zo wurin kirari na karanta shi a kwance kamar sauran rubutu, sai ya tsai da ni, ya ce ba haka ake yi ba, ya sa na faɗa masa kalmomin, ya gyara zama ya ɗaga murya ya yi shi yadda ya ji maroƙa suna yi a ƙuruciyarsa. Yaran gida duka suka taru a ƙofa. Na tambaye shi, cikin ladabi, me ya raba aljanun Ganɗoki da dodon da ya ƙona mana. Ya ce aljanu halittar Allah ne, akwai su a Alƙur'ani, kuma shi wannan jarumin da sunan Allah yake yaƙi. Ban yi masa musu ba, domin amsar ta buɗe mini ido a kan wani abu: marubucin Turai sai ya zana taswira ya ƙirƙiri harshe kafin mai karatu ya yarda da duniyarsa, namu kuwa ya tarar da mutanensa sun riga sun yarda.

Na faɗa masa cewa a 1934 aka buga Ruwan Bagaja da Ganɗoki a Zariya, bayan gasar rubutu ta 1933, sai ya ce ai shekarar da Alhaji Umaru ya rasu ke nan, ya yi masa addu'a. Ni kuma abin da ya tsaya mini shi ne Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937, shekara ɗaya da The Hobbit na Tolkien. Ɗaya ya zagaye duniya da muryoyin ƙwararru, ɗayan kuma a nan Kumasi 'ya'yan masu harshen ba su iya karanta shi ba.

Wannan ce damuwata ta gaske. Ka san ba a koyar da Hausa a makarantun gwamnati a nan kamar yadda ake koyar da Tuwi, saboda haka yaranmu suna magana da ita amma ba sa karanta ta. Na fara ɗaukar karatun da nake yi wa Baba a waya, ban sa shi a intanet ba domin littafin yana da masu haƙƙi, sai dai matan gida suna saurare lokacin dafa waken sayarwa da asuba. Ƙanwarka ma ta aiko a ba ta, ta ce in gaya maka ta haihu namiji ranar Talata kuma har yanzu ba ka kira ba. Babbar 'yata ta haddace labarai uku daga ji kawai, amma da na miƙa mata littafin sai ta tsaya a kalma ta biyu tana kallon ɗ da ƙ kamar baƙi. Yanzu na sa mata doka, in na karanta shafi biyu, ita za ta karanta wa kakanta sakin layi ɗaya, kuma shi yake gyara mata furuci ko da yake bai san harafin boko ko ɗaya ba.

Ina da roƙo. Akwai tatsuniyar nan da marigayiya kakarka take yi mana, ta yarinyar da ta ƙi samarin garinsu ta ce sai marar tabo, ta bi baƙon da ya riƙa mai da aron gaɓoɓinsa a hanya. Na fara yi wa yara ita, na kai wurin da ta rera waƙa a bakin rafi, sai waƙar ta ɓace mini ƙaf, kuma Baba ya ce shi bai san ta mata ba. Kai ne ka fi kowa jin ta, ko da ta bakin ƙofa ne bayan an kore ka. Don Allah ka rera mini ita a saƙon murya, kada ka rubuta, domin karin nake nema. In ka manta wani baiti, ka tambayi Hajiya.

Baba yana gaishe ka, ya ce ka sa shi a addu'a ranar aikin. Uwargida tana gaida taka. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Aboabo