Gada na aiki, famfo ya ƙafe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na ji daɗin rahotonku kan tsofaffin gadojin jirgin ƙasa na Ingila, sai dai kun ɗaga kai sama, kun manta da abin da ke gindin bango, wato tsofaffin famfunan ruwan sha na bakin hanya.

A kudancin Landan nake zaune, kullum sai na ratsa ƙarƙashin gadar nan da ta miƙe daga London Bridge zuwa Greenwich. Bakuna 878 gare ta, duk na ƙonannen bulo, tsawonta ya haura kilomita biyar, kuma tun 1836 jirgi ke takawa a kanta. Maginin da ya iya ɗaura bakan gizo a soro zai gane dabarar da kallo ɗaya: kowane baka na sauke nauyinsa kan ginshiƙi, na kusa da shi ya tare. Yanzu cikin bakunan garejoji ne da gidajen burodi. In jirgi ya gifta, har shayin da ke cikin kofi sai ya yi rawa.

To amma mutanen wancan zamanin ba jirgi kaɗai suka yi wa tanadi ba. Bayan kwalarar 1854, wadda likita John Snow ya gano tushenta a famfon Broad Street, wani ɗan majalisa mai suna Samuel Gurney da abokan tafiyarsa sun kafa ƙungiya a 1859 don talaka ya sami ruwa mai tsabta kyauta a bakin hanya, har da komin shayar da dawaki daga baya. Famfonsu na farko a jikin shingen cocin St Sepulchre aka kafa shi. Aikin gadar Holborn da ke kusa da cocin ya sa aka ɗauke shi a 1867, sai 1913 aka maido shi. Kofunansa na ƙarfe na nan ɗaure da sarƙa. Ranar da na fara ganinsu, randar ƙofar gidan kakata da modarta suka faɗo mini a rai.

Don Allah ku aiko wakilinku ya leƙa irin waɗannan famfuna, ya tambayo mana dalilin da ya sa ake kashe maƙudan kuɗi a gyara gada, a bar su a bushe. A bazarar bara, ina tsaye gaban wani famfo da ganye ya cika kwanonsa, dole na shiga shago na sayi ruwan gora.

Naku,
Mai karatu daga Landan