Zuwa Ga Bala, Kan Furen Da Kake Son Dasawa A Tukunya

Assalamu alaikum, aminina Bala.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na ga hoton ɗan filin da ke bayan sabon gidan naka, na kuma ji kana sha'awar dasa itacen furen nan Lagerstroemia, wanda Turawa ke kira crape myrtle. Zaɓin ya yi, amma ka saurare ni kafin ka sayo.

Tukunya ba ta mayar da babban itace ƙarami. Asalin wannan itace daga yankin Sin yake, kuma irinsa na yau da kullum yakan kai mita 6 ko fiye. In ka cusa shi a tukunya, saiwa za ta cika ta, ka koma kana datse masa kai kowace shekara, ya riƙa fitar da ƙulli mummuna da rassa sirara waɗanda ba sa iya ɗaukar nauyin furensu. Don haka tun wajen saye ake gama magana: nemi wadan iri, wanda gajartarsa halitta ce. Akwai Pocomoke da Chickasaw, waɗanda gandun binciken itatuwa na ƙasar Amurka da ke Washington ya fitar a ƙarshen shekarun 1990, daga aikin masanin tsirrai Donald Egolf. Da wuya su wuce mita 1. Ni Pocomoke na fi so, furensa ruwan hoda ne mai duhu, kuma yana yin dunƙule ba sai an taɓa shi ba. Ka karanta sunan a jikin takardar da ke maƙale da tsiron. Kada ka yarda da "ai ƙarami ne" na mai sayarwa, don kowane tsiro ƙarami ne a ranar da aka saye shi.

Sai rana. Yana son awa 6 a ƙalla tana dukansa kai tsaye. A inuwa zai yi ganye shar, fure kuwa sai ka gaji da jira, ga kuma farar funfunar nan da ke kwanciya a ganye kamar an barbaɗa gari. Waɗancan iri biyu suna jure mata, domin an haɗa su da wani ɗan'uwansu na Japan da ba ta cika kama shi ba, amma duk da haka kada ka matse shi a lungun da iska ba ta ratsawa. A hoton naka, gefen katangar da babu rumfa ya fi dacewa.

Tukunyar ta kai faɗin santimita 40 zuwa 45, da huda a gindi, ƙasar kuma mai tsane ruwa. Lokacin zafi ka riƙa tura yatsa. In saman ya bushe, ka ba shi ruwa har ya fito ta ƙasa. Taki kaɗan ya isa, yawansa ganye yake ƙarawa. In ka ga ganye na danƙo yana baƙi, darɓa ce, ka wanke ta da ruwa mai ƙarfi.

Abin da ke tsorata sababbin masu shi: yana zubar da ganye da sanyi, ya kuma makara wajen toho. Kada ka ce ya mutu ka tuge shi. Kankare ɓawon reshe da farce, in ka ga kore yana nan da rai. A sabon reshe yake fure, saboda haka in za ka rage busassun rassa, ka yi kafin tohon. Tunda wajenku ruwa na daskarewa, ka ja tukunyar cikin rumfa a lokacin, don saiwar da ke tukunya ba ta da kariyar da ta cikin ƙasa ke da ita.

Ka gaida maiɗakinka da yara. In ya yi fure, ina jiran hoto.

Naka,
Sani