Barka da Sallah daga New York

Zuwa ga mahaifina, Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Sallah, da fatan an yi layya lafiya. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana.

Kun tambaye ni ko gaskiya ne a Amurka ana tilasta wa limamai ɗaura auren jinsi. Ba haka ba ne, Baba. A ranar 26 ga Yuni, 2015, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 cikin 9, ta yanke hukuncin cewa dole kowace jiha ta amince da irin wannan aure, amma hukuncin ya hau kan ofisoshin gwamnati masu bayar da takardar aure ne, masallatai da coci-coci kuwa suna da 'yancin ƙin ɗaurawa. Matsayinmu a addini yana nan, ba ma kuma zagin kowa, domin a wurin aiki da bene ɗaya muke zaune da masu irin wannan aure.

Waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba ma suna da ƙungiyoyi da lauyoyi. Ɗaya daga ciki, American Atheists, ta kai ƙara a 2011 tana neman a hana ajiye gicciyen ƙarfe da aka samo a ɓaraguzan harin 11 ga Satumba a gidan tarihinsa, kotu ba ta biya mata bukata ba. Aƙidarsu ba tawa ba ce, amma raba gwamnati da addini da suke nacewa a kai ya amfane mu, mu da muke 'yan tsiraru. Tun 1962 Kotun Ƙoli ta hana addu'ar da hukuma ke tsarawa a makarantun gwamnati, don haka babu malamin da zai sa jikokinku bin addu'ar da ba tasu ba. Tun 2015 kuma makarantun birnin nan ke ba da hutun Sallah. Yau a yankin Bronx na birnin nan muka shimfiɗa darduma a kan titi, 'yan sanda suna tare mana motoci har aka sallame.

Abin da ke hana ni barci shi ne tarbiyya, don a nan babu maƙwabci ko dattijon unguwa da zai tsawata wa ɗanka. Komai yana wuyan iyaye. Na sa yaran a Islamiyya ta Asabar da Lahadi, babbar ta kai izu biyu. Ku sa su a addu'a.

A gaishe mini da Inna, da Gwaggo, da su Kawu, da ƙannena duka.

Ni ne ɗanku.